Tsayuwar Auta a Bakin Ƙofa

Litinin, da hantsi

Ni na buɗe garejin nan da guduma ɗaya da tsohon jak, a ƙarƙashin bishiyar da ba ta kowa ba. Babu wanda ya koya mini walda, kallo na yi na iya. A aji uku na sakandare na tsaya, amma yau masu digiri ke tsayawa a rana suna jiran in ɗago kai in dube su. Na gina gida da gumina, na aurar da ƙannena, na sa 'ya'yana uku a makaranta, ban taɓa tsugunawa a ƙofar wani ba. Motar da ta yi karo ta naɗe kamar tabarma, in ta shigo hannuna, sak take fita tana tafiya. Daga tsallaken titi nake gane motar da shasinta, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikinta, ya karkace, ko da an lulluɓe ta da sabon fenti. Wannan kowa ya shaida.

Na fara da wannan ne don in tuna wa kaina ko ni wane ne, domin kwanan nan wani irin kallo ake yi mini a gidana.

Maganar Auta ce, ƙaramar 'yata, shekararta goma sha uku. Watannin baya mai ɗinkin unguwarmu ta ɗinka mata rigar makaranta, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Na mayar. Ta gyara, ya sake sauka. Na sake mayarwa da kaina, na gaggaya mata maganganu a gaban masu jiran ɗinki. Matar ta ajiye almakashi ta ce, "Baban Auta, rigar nan ko a jikin ƙusa ka rataye ta daidai take. Ka je gida ka sa yarinyar ta sunkuya, ka dubi bayanta." Na je na sa ta sunkuya, hannuwa a ƙasa. Haƙarƙarinta na dama ya taso kamar an cusa mata ɗan matashi a cikin riga.

Muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan yaro ne, na kusa haifarsa. Ya liƙa hoton a jikin fitila, ƙashin bayan ya fito a lanƙwashe zuwa gefe kamar rodin da mota ta taka. Ya ce sunan abin sikoliyosis, yakan bayyana lokacin da yaro ke ƙara tsawo da sauri, ya fi tsananta ga 'yan mata, kuma galibi ba a san sanadinsa ba. Ya ce za a yi mata wata riga ta roba mai tauri a kan awon jikinta, ta riƙa sawa kusan dare da rana har ta gama girma. Na ce, "In ta sa, zai miƙe?" Ya ce, "A'a, Baba. Aikin rigar ta hana shi ƙaruwa." Nan muka raba hanya. Ni a sana'ata, in ka karɓi abu a karkace ka mayar wa mai shi a karkace, ba ka yi aiki ba.

Don haka na yi nawa. Na yi waldar sandar ƙarfe a saman ƙofar ɗakinta, tana kamawa ta rataya safe da yamma, nauyin jikinta ya riƙa jan ƙashin. Na ɗauke katifa na sa katako. Kullum da safe kuma ina aunawa. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ba ni baya, in dafa zare a ƙashin wuyanta, zaren da na ɗaura wa noti a ƙasa, in ga inda notin ya sauka tsakanin dugaduganta, in yi alama da alli. Haka nake auna mota. Zare ba ya ƙarya.

Kuma yana dawowa tsakiya. Kaɗan-kaɗan, amma yana dawowa.

Laraba, da sassafe

Yau notin saura ƙiris ya zauna a tsakiya. Kafaɗun ma sun kusa daidaita. Na ce, "Auta, kin gani? Da babanki da likita, wa ya iya?" Ta ce, "Kai ne, Baba." Ta yi dariya, amma gumi na bin wuyanta alhali rana ba ta ɗaga ba. Fankar ɗakin ce. Zan sa a duba ta.

Uwarta ta kawo mini shayi ta ce, "Ranar komawa wurin likita fa ta wuce tuni." Na ce ranar da zan koma, da yarinya a miƙe zan koma, in tsayar masa da ita a gaban fitilarsa ya duba. Ta ce, "Allah Ya sa." Ta faɗe shi yadda take faɗa duk ranar da na ce zan rage sukari.

Alhamis, da azahar

Tafin hannunta duk ya yi kanta saboda sandar. Alamar ƙoƙari ce.

Asabar, da la'asar

Yayata ta zo, ita da ba ta shiga gida sai da fatawa a baki. Tun daga ƙofa ta fara. Wai jakar makaranta ce, littattafai kamar za a buɗe kanti. Wai sunkuyon kallon waya ne. Da ta ga ba wanda ya tanka, ta juya ga matata ta ce, "Ko dai daga wajenku ne? Mu a gidanmu kowa a miƙe yake kamar turken wuta." Matata ta ce, "Gaskiya ne, Yaya. Har da taurin." Yaya ta ce, "Ji min bakin yarinya!" alhali yarinyar ta haifi uku.

Na ce ba jaka ba ce, ba zama ba ne, ba laifin kowa ba ne, haka yake zuwa. Sai da na gama na gane maganar likitan nan ce ta fito daga bakina. Na ji haushi.

Auta ta shigo da faranti ta ajiye, ta juya ta fita. Yaya ta bi ta da kallo har labule ya rufe. Na jira fatawa. Sai ta ɗauki kofi ta kurɓa.

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Yaya ta yi shiru ba.

Talata, da la'asar

Ba zan rubuta da yawa ba.

Mun fita gwajin wata mota ni da Dogo, babban ma'aikacina, wanda muke tare tun garejin yana ƙarƙashin bishiya. Shi ke tuƙi, ni ina sauraren ƙafafun motar. Cunkoso ya riƙe mu kusa da makarantar 'yan mata, an tashe su ke nan. Suna tafiya gefen titi sun ba mu baya, riga iri ɗaya, ba a gane kowa. Idona ya sauka a kan guda ɗaya. Kafaɗar dama a sama, ƙugu ya fita gefe, duk jikin ya jingina kamar motar da aka loda wa kaya ɓangare ɗaya. Ta yi ɗan taku, ta tsaya ta dafa bango, ƙawayenta suka wuce ta.

Na ce, "Dogo, dubi 'yar mutane. Wallahi shasin nan ya tafi. Iyayen wannan ba su da ido ne?"

Dogo ya ƙura wa sitiyari ido. Can ya ce, "Maigida, bari mu juya ta wancan layin."

Kafin ya juya, yarinyar ta waiwayo za ta tsallaka titi.

Jakar ma ni na saya mata.

Na zame a kujera na sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Ni. Ba ta gan ni ba. Sai da muka koma gareji muka tsaya Dogo ya ce ƙafar gaba ta hagu tana ɗan ƙara, na ce na ji.

Talata, da magariba

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Laraba, da sassafe

Na auna. Ta tsaya ta ba ni baya kamar kullum, na dafa zaren, sai na saki allin da gangan ya faɗi, na durƙusa ɗauka. Daga ƙasa na duba.

Gwiwarta ɗaya a lanƙwashe take cikin siket, dudduge bai taɓa ƙasa ba, ƙafar tana rawa kar-kar-kar. Ta tura ƙugu ciki, ta ɗage kafaɗar hagu, ta riƙe numfashi. Notin kuwa yana tsakiya cif, bai taɓa zama daidai kamar na yau ba.

Ta ce, "Ya kai, Baba?"

Na ce, "Ya kai."

Ta saki numfashi ta ce, "Alhamdulillahi," ta tafi sa takalmi.

Alhamis, da safe

Ban auna ba. Na ce zaren ya ɓata. Yana aljihuna.

Juma'a, da azahar

Na dawo gida da rana, abin da ban saba ba, don in sami uwarta ita kaɗai. Tana yankan albasa. Na ce, "Tun yaushe?" Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ce, "Tun farko-farko."

Wai yarinyar ta lura duk ranar da notin ya kauce ba na cin abinci, ba na magana, in je gareji in huce a kan ma'aikata, in dawo in ƙara mata lokacin rataya. Sai ta riƙa rufe ƙofa tana koyon tsayuwa a gaban madubi, har ta gano yadda za ta murɗa jikinta zaren ya sauka inda nake so.

Na ce, "Kina gani kika yi shiru?" Ta ce, "Sau nawa na ce maka ranar likita ta wuce? Ita ta roƙe ni kada in faɗi maganar ƙafar, wai za ka ji kunya. Ni kuma na yi ta zagaye-zagaye ko za ka ji. Kai da zarenka kake hira, Baban Auta, ba da mu ba."

Na ɗaga murya. Na faɗi abubuwan da na yi wa gidan nan, tun daga tubalin farko. Ta bar ni na gama. Ta goge ido da bayan hannu ta ce albasa ce, sannan ta ce, "Litinin zan kai ta, ko da kai ko ba kai."

Na ce ni zan tuƙa. Ba don komai ba, ba ta iya ciniki da masu tasi ba.

Litinin, da la'asar

Likitan ya liƙa hotuna biyu gefe da gefe, na da da na yau. Ban bukaci ya yi mini bayani ba. Na fi kowa a ɗakin nan sanin abin da ya karkace.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na ji daɗi, da na san abin da zan mayar masa. Ya ɗauki abin awo ya nuna mana: wancan karon lanƙwasar digiri talatin da wani abu ce, yanzu ta haura hamsin. Ya ce in ta kai nan riga ba ta da sauran amfani, kuma irin wannan takan ci gaba ko bayan yaro ya gama girma, in ta yi nisa ta matse wa huhu wuri.

Sai ya faɗi kalmar. Tiyata. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Za su buɗe bayan, su ɗaura kusoshi a jikin ƙasusuwan, su sa sanduna biyu na ƙarfe, su jawo ƙashin ya miƙe iya yadda zai yiwu ba tare da cutarwa ba, daga baya ƙasusuwan wurin su haɗe su zama ɗaya. Manyan likitocin da ke wannan aikin ba kullum suke zuwa ba. Za su zo Alhamis ta sama, kuma akwai gurbi. In ya wuce, sai an jira watanni, ita kuwa tana kan tsawo.

Auta tana kallon hoton kamar na wata ne. Uwarta ta riƙe mata hannu. Na ce su jira ni a mota.

Na ce, "Likita, da an sa rigar fa?"

Ya ce, "Ba zan rantse maka ba, Baba. Sau da yawa tana tsayar da shi. Wani lokaci ana sawa ya ƙi tsayawa."

Na ce, "Rataya da kwanciya a katako?"

Ya ce, "Ba su ƙara ba, ba su rage ba. Lokaci ne dai ya tafi."

A hanyar dawowa na wuce kwanar gidana. Gidan da na gina.

Talata, da azahar

Ba su ƙara ba, in ji shi. Shi da bakinsa ya faɗa.

Laraba, da almuru

Na yanke sandar ƙofar lokacin da Auta ke makaranta, na mayar mata da katifarta. Ramuka biyu sun rage a bango. Zan toshe.

A gareji an kawo wata mota da ta daki gada. Muka ɗaure ta da sarƙa, Dogo ya fara ja, ƙarfen ya soma kukan da yake yi in yana miƙewa. Shekara da shekaru kukan nan kiɗa ne a kunnena. Yau na ajiye guduma na fita bakin titi na tsaya.

Duk mai wannan sana'a ya san abin da ke bin jikin shasi: wayoyi da bututun birki, sirara, a ɓoye. In ka ja da garaje ƙarfe ya miƙe, waya ta tsinke a ciki ba ka sani ba. Mota ta fito kyakkyawa, sak, tana ƙyalli, ka murɗa makulli ta ƙi tashi. Na gani a hannun wasu. Na san abin da ke bin cikin ƙashin bayan mutum, ba sai na yi digiri ba.

Ni ba tsoro nake ji ba. Sani ne ya yi mini yawa.

Juma'a, da hantsi

Na koma wurin likitan ni kaɗai, ban faɗa wa kowa ba. Na ce ya nuna mini ƙarfen. Ya yi murmushi ya buɗe durowa ya ɗauko guntun da yake nuna wa iyaye. Ba shi da nauyi. Na sa gwiwa na gwada lanƙwasa shi, ya ƙi. Na ƙwanƙwasa shi a gefen tebur na saurara. Ƙarfe ne mai kyau, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa riƙe irinsa ba.

Ya ce kafin su sa sai sun lanƙwasa shi da gangan, domin lafiyayyen baya ma ba miƙe yake kamar sanda ba. In ka dube shi ta gefe yana da nasa gantsarewa da nasa sunkuyo, kuma ana bukatarsu. Karkacewar gefe ce kawai ake gyarawa. Wannan ban sani ba. Na yi kamar na sani.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Wayar da ke ciki fa?" Ya gane. Ya ce laka. Ya ce akwai na'urar da ke sauraren jijiyoyin ƙafa tun daga farkon aikin har ƙarshe, in saƙon ya fara rauni sai su sassauta nan take. Ya ce haɗarin ƙarami ne ƙwarai. Na ce, "Ƙarami, ko babu?" Ya ce, "Ba zan ce maka babu ba."

Ya turo mini takardar yarda. Hannun uwa ko na uba, ɗaya ya isa. Na ɗauki biro. Na karanta ta daga sama har ƙasa, na sake karantawa. Na ɗora bakin biron a kan layin. Ƙafafun Auta nake gani, ranar da ta fara tafiya a tsakar gida tana riƙe da ƙafar wandona.

Biron ba shi da kyau. Na ce zan dawo da nawa.

Asabar, da azahar

Ni ba tsoro nake ji ba. Mutum ne ni mai son bincike.

Lahadi, da la'asar

Ina zaune a baranda ina goge takalmi Auta ta fito ta zauna kusa da ni. Yanzu ta daina gyara zama in ta gan ni. A karkace ta zauna, yadda jikinta yake so, kuma na ga ashe haka take zama a ko'ina ban da gabana.

Ta ce, "Baba, fushi kake da ni?"

Na ce, "A kan me?"

Ta ce, "A kan ƙafar. Mama ta ce ka gani."

Na ce mutum ba ya fushi da ƙafa. Ta yi dariya kaɗan. Ta ce a makaranta Lauje suke ce mata. Na ce ta faɗa mini sunayensu gobe in je. Ta ce, "Ka je ka yi me, Baba, ka yi musu walda a baki?" Ta ce ba sunan ne ya dame ta ba. Bayanta ne ke gajiya tun kafin a tashi, kuma in ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya kamar tsohuwa.

Ta ce, "Ina so a yi."

Na ce, "Auta, in ƙafafunki..." Ban ƙarasa ba.

Ta ce, "Na sani. Na tambayi likita ranar da kuka fita karɓar hoto. Tsoro nake ji sosai, Baba. Amma ina so."

Yadda ta faɗi kalmar, a sauƙaƙe, kamar ta ce ƙishirwa take ji. Na ce ta je ta taya uwarta aiki. Na ci gaba da goge takalmin da na riga na goge.

Talata, da magariba

Uwarta tana haɗa jaka: tawul, silifas, kofi, rigunan da ake ɓallewa ta gaba. Gobe za a kwantar da ita, jibi aikin. Ta ce, "Ka sa hannun?" Na ce ina kan bincike, akwai wani da aka ce mini ya san wani likita. Ta ce wane ne. Na ce ba ki san shi ba.

Ta dube ni ta ce, "Baban Auta, tun da na aure ka ban taɓa ganin hannunka yana rawa ba. Dubi kofin nan."

Na ajiye kofin.

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta ja zif ɗin jakar ta ajiye ta a bakin ƙofa.

In ban sa hannu ba, ba za su taɓa yarinyar ba, don uwarta ba za ta sa ba sai da yawuna. Za su gwada jininta, su ajiye ta kwana ɗaya, su sallame ta. Babu wanda zai ce na hana. Ban hana ba.

Laraba, da hantsi

Sun tafi a tasi. Na ce akwai motar da mai ita ke jira. Akwai ɗin kuwa.

Laraba, da magariba

Gidan ya yi girma. Ban san na gina shi da girma haka ba.

Alhamis, da hantsi, a kan bencin asibiti

Da sassafe na je gareji. Na kama ƙofar wata mota ina bugu. Ban san na daɗe a wuri ɗaya ba sai da Dogo ya riƙe gudumar ta baya ya zare ta daga hannuna. Bai taɓa yi ba. Ya ce, "Maigida, ƙofar nan ba ta yi maka komai ba, ka mayar da ita faranti. Shiga mota." Na ce, "Wa ke ba da umarni a garejin nan?" Ya ce, "Kai. To ba da umarni in kai ka." Na shiga.

Da muka isa asibiti na zaci a gado zan sami Auta tana jiran sallama. A kan gadon turawa na same ta a bakin wata ƙofa mai fuka-fuki biyu, an sa mata hular leda, an ɗaura mata ruwa a hannu.

Ta ce, "Baba! Likita ya ce in na fito zan ƙara tsawo. Zan fi Mama." Uwarta ta ce, "Ki fi ni ɗin, ke za ki riƙa sauko mini da tukwane daga sama." Leɓen yarinyar ya bushe, idonta ya yi girma. Na rasa inda zan taɓa. Na kama babban yatsan ƙafarta ta saman mayafin. Ta motsa shi a cikin tafina ta ce, "Baba, cakulkuli." Ban saki ba sai da gadon ya ja gaba ya zare ta daga hannuna. Ƙofar ta rufe.

Na juya ga nas ɗin da ke zaune a tebur na ce, "Da izinin wa?" Ta ce, "Mahaifiyarta ta sa hannu tun jiya, Baba."

Matata tana zaune a ƙarshen bencin nan, takalmin Auta a cinyarta. A kujera ta kwana. Ba ta ɗago ba ta ce, "In an fito lafiya, mun gode Allah. In wani abu ya faru, ka ce ni ce. Ka sami wanda za ka ɗora wa, ka samu ka rayu." Babu fushi a muryarta. Da akwai da na iya ɗauka.

Tun jiya take ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina can ina bugun ƙofar mota.

Na koma teburin na ce a kawo mini takardar. Nas ta ce ta shiga ciki tare da yarinyar, kuma hannu ɗaya ya isa. Na ce bai isa ba. Ta ce, "Baba, zauna ka huta, in an fito zan kawo maka ka sa har sau goma." Na ce, "'Yata, in an fito kowa ma zai iya sa hannu. Mai shara ma zai sa. Yanzu nake so, tun ba a san yadda za ta kaya ba." Ta ce ba a yin haka. Na ce to a fara a kaina. Mutane suka fara kallonmu, Dogo yana jan hannun rigata. Ta dube ni, ta dubi matata, ta yi tsaki kaɗan ba na raini ba, ta ce bari ta tambaya. Ta shiga ta wata ƙofar gefe.

Har yanzu ba ta fito ba. Na zauna kusa da matata, na karɓi takalmi ɗaya na riƙe, ita ta riƙe ɗaya. Rubutun nan a kan gwiwa nake yinsa, shi ya sa ya karkace. Tsoro nake ji.

In babu wuri a kan layin, a sa a ƙasa. In babu a ƙasa, a sa a gefe, ko a bayan takardar. Cikakke, da manyan baƙi, kusa da nata, yadda duk wanda ya buɗe zai ga mu biyu muka yarda, kuma duk abin da ya fito daga ƙofar nan namu ne mu biyu. Ga birona a hannu, mai kyau ne.

A rubuta sunana.